Jinin Malam Lawwali a Kwalba Uku

Malam Lawwali Karakkai ba ya fara aiki da gaisuwa. Idan ya shigo ɗakin gwajin jini da safe, firij yake fara buɗewa. Ya ɗora bayan hannunsa a kan kwalaben sinadari, ya duba ma'aunin sanyi, ya rufe. Daga nan ya murɗa famfo ya ga ko akwai ruwa, ya ɗaga murfin injin da ke juya jini ya leƙa ciki. Sai ya gama wannan zagaye sannan ya juyo ya ce, "To, ina kwananku?" Sababbin ma'aikata kan ɗauka fushi yake yi. Waɗanda suka daɗe da shi sun san dalili: idan firij ya kwana babu wuta, duk lambar da za a ba majinyaci a ranar ta zama abin shakka, kuma Malam ba ya iya gaisawa da wannan a ransa.

A farkon bana ya yi ritaya, bayan shekaru sama da talatin a ɗakin gwaji na wani asibiti a Gusau. Abokan aiki sun haɗa masa ƙwarya-ƙwaryar walima, aka ba shi agogon bango, aka watse kafin la'asar. Babu gidan rediyon da ya zo.

Fanninsa shi ne awon sinadaran da ke yawo cikin jini, waɗanda ke nuna yadda jiki ke sarrafa abin da aka ci: suga, kitse, gishirin jini, da dattin da ƙoda da hanta ke tacewa. Majinyaci ba ya ganin wannan aiki. Abin da yake gani allura ce da auduga, sai kuma lambar da za a miƙa wa likita. A kan lambar nan likita zai ce a fara magani, ko a ƙara, ko a koma gida babu komai. Aikin da Malam Lawwali ya ɗora wa kansa, ba tare da wani ofis ya umarce shi ba, shi ne shirya horo na musamman ga masu fitar da wannan lamba a Gusau da Tsafe da Bungudu, har ta zama ɗaya ko a ina aka auna.

Abin ya samo asali ne daga wani manomi na Bilbis, ta ƙasar Tsafe, da aka kawo Gusau da gyambo a ƙafa wanda ya ƙi warkewa. Kafin a kawo shi, an auna masa suga a wani ɗakin gwaji kusa da gida, aka ce babu matsala, ya koma gona da ƙafar ɗaure da tsumma. Da aka sake aunawa a Gusau, lambar ta ninka ta farko har da ɗoriya. Likitan da ke duba shi ya tako har ɗakin gwaji, abin da likitoci ba su cika yi ba.

"Lawwali, mutum ɗaya ne, jini ɗaya ne," in ji likitan. "Can an ce lafiya, nan an ce wuta. Wa zan bi?"

"Namu za ka bi."

"Shi ma na can haka zai ce mini."

Malam Lawwali ya ce wannan magana ce ta hana shi sakat, domin gaskiya ce, kuma ba shi da abin da zai nuna. An bi lambar Gusau, ita ce daidai, amma an makara. Manomin ya bar yatsun ƙafarsa biyu a asibiti.

Ba a daɗe ba, wata safiya Malam Lawwali ya zo aiki bai karya kumallo ba. Ya naɗe hannun riga ya miƙa wa Baba Adamu, wanda shi ne babba a ɗakin a lokacin, kuma shi ya koya masa riƙe sirinji tun farkon zuwansa.

"Mi kake nema cikin jininka, kai da ko ciwon kai ba ka yi?" in ji Baba Adamu.

"Ɗebo dai, Baba. Ɗebo da yawa."

Aka tabbatar jinin ba ya ɗauke da wata cuta mai yaɗuwa, aka juya shi a inji har ruwan ya rabu da jajayen ƙwayoyi. Ya raba ruwan a kwalba uku. Ɗaya ta tsaya Gusau. Ɗaya ya sa a kula da ƙanƙara ya ba Dogo, direban motar haya mai bin hanyar Tsafe, ya ce jinin wani majinyaci ne. Ta ukun ya ɗaure a bayan babur ya kai Bungudu da kansa.

Da amsoshin suka dawo, ya zayyana wa matarsa, Hajiya Hassana. A Gusau lafiyarsa ƙalau. A Tsafe sugansa ya faɗi ƙasa, har ya kamata a ce yana sume. A Bungudu ƙodarsa na neman tsayawa.

"To wanne na aura cikin ukun?" ta ce.

Ita ta yi dariya, shi bai yi ba. Mutanen da suka fitar da waɗannan lambobi ba jahilai ba ne. Sun yi jami'a, wasunsu ajinsu ɗaya da shi. Bai kai ƙarar kowa ba. Ya hau babur ya je ya zauna da su a bakin teburin aikinsu, ya ga abin da ke faruwa. A wani wuri sinadarin ya sha zafi a mota tun kafin ya iso. A wani wuri an daɗe ba a daidaita injin ba, domin ma'aikacin da aka koya wa yin hakan an mayar da shi wani gari. A wani wuri kuma ana barin jini a kan tebur har sai an tara na mutane da yawa, alhali jajayen ƙwayoyi na ci gaba da cin sugan da ke cikin kwalba. Kowa na aiki da abin da ya sani, kuma tun da ya bar makaranta babu wanda ya ƙara masa.

Ba wai ba a yin bita ba. Ana yi. Sai dai ga yadda ta saba tafiya: a aiko da gayyata, oga ya shirya jaka ya tafi otal a Kaduna ko Abuja, ya dawo da satifiket ya rataye a bango. Wanda hannunsa ke kan inji kullum ba ya zuwa, kuma ba zai ma nema ba, domin a wurinmu ƙarami ba ya tsallake babba ya ce shi ya fi cancanta. Babu mugunta a ciki. Ladabi ne, amma majinyaci ne ke ɗaukar nauyinsa.

Malam Lawwali ya tsara nasa daban. Ba a otal ba, a cikin ɗakin gwaji, ranar Asabar, duk bayan wata uku, ana zagayawa tsakanin garuruwan nan uku. Duk wanda ke taɓa inji ya zo. Kowane zama da darasinsa: an fara da suga, aka shiga ƙoda da gishirin jini, sai hanta da shawarar jarirai, sai kitse, sai maƙoƙo. Da safe a yi bayanin yadda jiki ke sarrafa abin, da yadda ciwo ke sauya shi. Bayan azahar a sa safar hannu a koma kan inji. Malaman da ke koyarwa daga jami'o'in Zariya da Sakkwato yake roƙo su, ta hanyar tsofaffin abokan karatu. Ba shi da masaukin da zai kama musu, don haka a ɗakin baƙin gidansa suke kwana, Hajiya Hassana ta ciyar da su hoce da fura. Wani daga cikinsu ya riƙa dawowa ko ba a gayyace shi ba. Har yau ana gardama ko karatun ke kawo shi ko hocen.

Ya san idan ya ce manya su zauna gida, ba za su saki ƙanana su zo ba. Sai ya gayyace su a matsayin iyayen taro. Su za su buɗe da addu'a, su za su zauna a gaba. Ya dai ƙara da cewa, cikin girmamawa, akwai safar hannu daidai kowane hannu. Wasu suka yi addu'a suka tuna suna da ɗaurin aure. Wasu suka tsaya. Baba Adamu na cikin waɗanda suka tsaya.

Kafin kowane zama, kwalba uku na jininsa kan fita, ba tare da an faɗi mai jinin ba. Kowane ɗaki ya auna da injinsa, ranar Asabar a zo a faɗi abin da aka samu. A zaman farko Malam ya tambayi lamba, babban da ke gaba ya faɗi tasa, sai ɗaki ya amsa baki ɗaya, "Haka munka samu." Ya tambayi na biyu, na uku, duk haka. Ya san ba gaskiya ba ne, ya kuma san babu wanda ya ɗauki kansa maƙaryaci. Kunya ce.

Kafin zama na gaba ya je wurin kafinta a kasuwa ya sa aka yanko masa ƙananan alluna, aka shafa musu baƙin fenti. Ya sayo alli. Ya raba wa kowa. Ƙa'idar ita ce, kowa ya rubuta lambarsa ya kife allon a cinya. Idan ya ce, "A ɗaga!" sai a ɗaga gaba ɗaya.

"Ni da furfurata za ka ba ni allo, Lawwali?" in ji Baba Adamu. "Rabona da allo tun ban fara azumi ba."

"Shi ya sa na zaɓo maka mai sulɓi, Baba."

Zuwaira Bala, masaniyar gwajin jini a Tsafe, tana cikin ɗakin a ranar. Ta ce: "Lambata ta sha bamban da ta ogana. Da a baki ne, wallahi ba ni faɗi. Ta ina zan fara ce wa sa'an mahaifina ban samu abin da ya samu ba? Amma na riga na rubuta, anka ce a ɗaga, sai na ɗaga na sunkuyar da kai. Ranar ni ce na yi kuskure, ban jira sinadarin ya huce daga sanyin firij ba. Malam bai ce mini komai ba, ya dai ja ni wurin inji munka sake tare. Da na ɓoye bayan lambar oga, da har yanzu ina yin wannan kuskure a kan jinin mutane."

Gideon Audu, ɗan kudancin Kaduna da aiki ya kawo Bungudu, yana da nasa labarin. Ya daɗe yana mamakin yadda kusan duk jinin da ake kawo masa daga ƙauyuka ke nuna wani gishirin jini ya hau, irin hawan da ke tsayar da zuciya, alhali masu jinin suna can suna noma. A zaman da aka yi kan ƙoda ya gano dalili. Jijjigar babur a kan hanyar burji ke fasa jajayen ƙwayoyi, gishirin da ke cikinsu ya zube cikin ruwan jini. Malam Lawwali ya tono wasu tsofaffin injuna na juyawa da hannu da aka yasar a sito, aka gyara, aka kai ƙananan asibitocin da ke aiko da jini, domin a raba ruwan tun kafin a ɗora shi a babur. "Tun daga nan," in ji Gideon, "idan na ga lambar ta hau, na san ta hau ne. Ba na tsayawa tunanin hanya, waya nake ɗauka in kira likita."

Akwai lokutan da hanyar Tsafe ba ta biyuwa. A irin wannan lokaci ba a fasa zama. Kowa ya tsaya garinsu, malamin ya yi bayani ta waya, idan aka zo wurin lamba kowa ya ɗauki hoton allonsa a tura a tare.

Kai ne, Malam Lawwali, ka gane cewa ilimi ba shi kaɗai ya yi ƙaranci ba. Ka gane mutum zai iya sanin gaskiya ya haɗiye ta don kada ya kunyata babba. Ba ka yi wa kowa wa'azi a kan haka ba, ba ka ce ladabin da aka rene mu da shi aibi ne ba. Ka je wurin kafinta.

Sirrin kwalaben bai ɗore ba. Duk lokacin da kula ta fita, sai a ga filasta a gwiwar hannun Malam. Dogo direba ne ya fara faɗa a tasha, cewa majinyacin nan da yake ɗauko wa jini shekara da shekaru bai warke ba, bai kuma mutu ba. Daga nan aka sa wa abin suna jinin Malam.

Sai lambobi suka fara kyau. Zama bayan zama, alluna na tashi da biyar da ɗigo kaɗan, wato sugan mai lafiya wanda bai ci komai ba. Gusau biyar, Tsafe biyar, Bungudu biyar. Da farko ya ji daɗi. Daga baya kyan ya yi masa yawa. Kowa ya san Malam ba ya ciwo, kowa ya haddace lambarsa.

Wata safiya kafin a ɗebi jinin, ya biya teburin mai shayi. Ya sa aka haɗa masa mai kauri, madara da suga ba ƙaƙƙautawa, da burodi babba. Ya ɗan jira abin ya shiga jiki, sannan ya miƙa hannu. Bai gaya wa kowa ba sai Baba Adamu, wanda ya ce in da ya sani da sun tafi tare.

Ranar Asabar aka ce a ɗaga. Rabin ɗaki takwas, rabin ɗaki biyar.

Bai kira sunan kowa ba. Ya faɗi abin da ya sha, ya bari dariya ta lafa, sannan ya ce: "Injinku duka takwas ya ba ku, na sani. Wanda ya rubuta biyar, ni ya sani. Wanda ya rubuta takwas, jinin ya sani. Majinyacin da zai zo muku ran Litinin, na biyun yake nema."

Waɗanda suka rubuta biyar sun yi bayani daga baya, kuma bayaninsu ɗaya ne. Sun ga takwas, suka ce ba zai yiwu ba, Malam lafiyarsa lau, tabbas injin ne ya ruɗe. Kuma wa zai tashi a gaban jama'a ya ɗaga allo yana cewa malaminsa na da ciwo? Suka rubuta abin da ya dace da mutumin, suka bar abin da ke cikin kwalba. Daga ranar Malam ya riƙa sauyawa, wani lokaci ya sha, wani lokaci ya zo da yunwa, ba wanda ya sani. Abin ya zama wasa a tsakaninsu: yau Malam ya biya wurin mai shayi ko bai biya ba? Amma haddar ta mutu. Aka koma rubuta abin da inji ya ce, bayan an tabbatar injin na kan daidai.

A bara, zaman ƙarshen damina ya faɗo a Tsafe. Ɗakin ya cika, har da waɗanda suka fara zuwa daga Wanke da wasu ƙauyukan. Baba Adamu ya riga ya yi ritaya, amma yana nan a kujerar gaba da allonsa, duk da ba shi da inji yanzu. Aka zo kan suga. Malam ya ce, "A ɗaga!"

Tara da ɗigo uku. Tara da ɗigo huɗu. Tara da ɗigo uku. Daga bango zuwa bango babu allon da ya kauce. Ba a taɓa samun haɗuwa irin wannan ba tun da aka fara. Ɗaki ya ɗauki tafi.

"Malam, wannan karon kofi nawa?" in ji Gideon. "Ko dai gwangwanin madarar ka kafa wa kai? A gaya wa Hajiya ta daina ba ka kuɗin kashewa."

Aka yi dariya. Malam Lawwali na tsaye yana bin allunan da kallo ɗaya bayan ɗaya. Sai ya ce, "Ban sha komai ba."

Kowa a ɗakin ya san ma'anar tara a jinin wanda bai karya ba. Su ne suke rubuta ta wa wasu kullum.

Malam ne ya fara magana. Ya ce wataƙila sinadarin da aka sayo a wannan karon ne, ai duk daga wuri ɗaya aka ɗauko. Wani ya ce a'a, na Bungudu daban ne. Ya ce to wataƙila kwalaben ne. Ya ce a bari sai zama na gaba a sake gani. Wasu suka fara sauke alluna suna gyaɗa kai, domin Malam ya yi magana.

Zuwaira ba ta sauke nata ba.

"Malam, inji uku ne, gari uku," ta ce. "Kowa ya daidaita nashi kamar yadda ka koya muna. Ni sau biyu na auna. In da jinin wani tsoho na Bilbis ne, mi za ka ce mu yi?"

Ta ci gaba: "Cewa za ka yi a sake ɗiba, a yi awon da ke nuna sugan wata uku, a tura shi ga likita. Ba za ka ce a jira zama na gaba ba."

Baba Adamu ya jingine allonsa ya miƙe. "Naɗe hannun riga, Lawwali. Ni na fara ɗibar wanga jini, ni za ni ɗebi na yau."

Ya naɗe. Awon wata uku ya tabbatar da abin da allunan suka faɗa. Da aka koma gida, Hajiya Hassana ta ce ita ta daɗe da ganin wandunansa sun yi masa yawa, ga shan ruwa kamar raƙumi, amma duk lokacin da ta yi magana sai ya ce zafin gari ne. Ta ce abu ɗaya take roƙo: su tafi Kano, ko Zariya, a sake aunawa a babban wuri kafin ya fara haɗiyar maganin da ba a dainawa. 'Yan'uwansa na Karakkai ma haka suka ce. Akwai mota, akwai masauki, babu abin da zai hana.

Ya ƙi. Abin da ya gaya mata, kamar yadda ta maimaita, shi ne: "Hassana, in na ɗauki jinina na kai Kano, mi zan ce wa mutumin da ba shi da halin zuwa ko Gusau? In ce masa lambar Tsafe ta isa gare shi, ni ba ta isa gare ni ba? Ni na koya musu. In ban yarda da su ba, to a tattara allunan a kai murhu."

Ya kai wa likita lambar da aka fitar a Tsafe, a kanta aka ɗora shi a kan magani. Likitan ya sa a duba ƙoda da idanu, aka samu ciwon bai kai gare su ba. An kama shi da wuri. Ya bar shayi mai kauri, abin da ya ce ya fi allurar ɗibar jini ciwo. Gideon kuwa bai bar shi ya huta ba, ya ce dā sai an sha wahala kafin a samu jini mai suga da yawa na koyarwa, yanzu ga shi Allah ya kawo har gida.

Tun da ya yi ritaya ya koma Karakkai da zama. Idan lokacin awonsa ya yi, Bungudu yake zuwa. Ya zauna a benci cikin layi, tsakanin masu goyo da tsofaffi. Ma'aikatan sun sha roƙonsa ya shigo ta ƙofar baya, ya ce shi ma yana son ya ga yadda layin yake.

Horon bai tsaya ba. Zuwaira da Gideon ne ke shirya shi yanzu. Su ke kiran malamai, su ke neman ƙanƙara, su ke lallashin manya. Tambayar da ta taso ita ce, jinin wa za a riƙa rabawa, tunda an ga illar sanin mai jini? Suka yanke cewa za a riƙa karɓa-karɓa a asirce. Don kada filasta ta sake tona asiri, a makon da kula za ta fita kowa sai ya manna ɗaya a gwiwar hannu, wanda aka ɗiba da wanda ba a ɗiba ba. Majinyata a Tsafe sun fara tambaya ko wata rigakafi ce ake yi wa ma'aikata.

A zaman da aka yi a Bungudu kwanan nan, an gayyaci Malam Lawwali a matsayin uban taro, irin gayyatar da shi ya ƙirƙiro. Ya shigo ya tarar da hannuwa duk da filasta, har da na Baba Adamu. Aka miƙe ana gaishe shi. Bai amsa ba. Ya ratsa tsakiyarsu ya nufi firij, ya buɗe, ya ɗora bayan hannunsa a kan kwalabe, ya duba ma'auni, ya rufe. Sannan ya juyo ya ce, "To, ina kwananku?"

Ga shugabannin asibitoci, darasin ba mai tsada ba ne: idan gayyatar bita ta zo, a tura wanda hannunsa ke kan inji. Ga malaman jami'a, akwai ɗakunan gwaji a garuruwan da ba su da otal, kuma ranar Asabar ɗaya na sauya aikin shekara. Ga duk wanda ke koyar da wata sana'a, ya tambayi kansa ko zai yarda ɗalibansa su yi masa aikin da ya koya musu, a ranar da abin ya zo kansa.

Malam Lawwali, mai raba jininsa don na wasu ya faɗi gaskiya, an gode. Kai ne ka miƙa hannu lokacin da kake da lafiya, ka kuma sake miƙa shi lokacin da amsar ba ta yi maka daɗi ba. Allah ya ƙara maka lafiya, ya saka wa Hajiya Hassana da alheri, ya ba waɗanda ka bar wa alli ikon riƙewa. Manomin Bilbis ya rasa yatsunsa kafin ka fara. Wanda zai zo bayansa da irin wannan gyambo, a Tsafe za a auna shi, kuma lambar da za a ba shi daga injin da ka yarda da shi a kan jininka za ta fito.